Kaye Tara da Gara Ta Cinye

Duk wanda ya taɓa sayen kilishi a wurin Taufiƙ a babbar kasuwar Garwa ya san abu biyu. Na farko, kilishinsa ba na wasa ba ne, har daga Kuseri direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke yin saƙonsa. Na biyu, ba za ka karɓi ƙunshinka ba sai ka ji labarin littafi.

Shekara uku Taufiƙ ya yi yana rubuta littafin nan da hannunsa a cikin kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makarantar lekol, har ya cika guda tara. Ya sa masa suna Muhaimin Zakin Fatake. A faɗarsa, labarin wani dillalin shanu ne da ya kora garke daga Garwa har Kuseri, ya ga abin da ido bai taɓa gani ba. Idan ya samu mai saye mai kunya, sai ya zaro kaye daga ƙarƙashin tebur ya fara karanta masa, mutum yana tsaye yana sauya ƙafa, naman kuwa yana hannun Taufiƙ.

"Ranar da littafin nan zai fito," in ji shi, "daga Yawunde har Kano sai an rufe shaguna an zauna karatu."

Maƙwabcinsa a kasuwa Roger ne, mai sayar da albasa, mutumin duwatsun Mayo-Ulo. Shekara goma suna rumfa ɗaya, kuma babu ranar da ba su taɓa juna da baki ba.

"To patron," in ji Roger, "ka taimaka ka fito da shi ranar Lahadi. Dama ni ina coci, ba na buɗewa."

Madam Henriette, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, ta sha gaya masa ya kawo kayen nan ta yi masa kwafi ko da guda ɗaya, a ajiye saboda tsaro. Taufiƙ ya dube ta sama da ƙasa.

"Madam, injin nan naki ido gare shi. Yau ya kalli littafina, gobe in ji wani a Faransa ya buga shi da sunansa. Ni ba yaro ba ne."

Tsoron ɓarayin fasaha shi ya kai shi ga abin da ya same shi. Da damina ta yi tsaka, tafiya ta kama shi zuwa Tuboro sayen shanu, tafiyar sati uku. Bai yarda ya bar kayen a akwati ba, wai nan ɓarawo zai fara dubawa. Bai yarda ya tafi da su ba, wai mota na iya faɗawa ruwa. Sai ya zuba su cikin kwalin sabulu, ya shiga ɗakin ajiyar itace da ke bayan madafa, ya haƙa rami ya binne, ya ja guntun icce ya ɗora a kai.

Matarsa Nazira ta leƙo ta same shi da fartanya.

"Baban Amatullah, me kake tona mana a ɗakin itace?"

"Harkar maza ce. Ki ci gaba da tankaɗenki."

Ranar da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya nufi ɗakin itace, yana waƙa. Ya ture iccen, ya sa fartanya. Kwalin da ya binne ya zama ƙasa. Ya sa hannu ya ɗago abin da ya yi kama da kaye, abin ya ruguje a tafinsa kamar busasshen tuwo, gara ta watse tana gudu fara fat, ta yi ƙiba. Ya tona, ya tona, ya kira Nazira ta kawo rariya suka tankaɗe ramin kaf. Abin da suka samu shi ne 'yan ƙarafan da ke riƙe tsakiyar kaye, da wata 'yar takarda da ba ta kai faɗin ganyen zogale uku ba. A jikinta an rubuta: sai ya miƙe ya ce.

Taufiƙ ya zauna daɓas a cikin ƙasar. Ya daɗe yana kallon takardar. Daga nan ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

"Muhaimin ya tafi! Wayyo, sun cinye mini Muhaimin!"

Ihun ya tsallake katanga. Hajiya Yelwa mai ƙosai, wadda kunnenta ya fara nauyi, ita ta fara shigowa da mayafi a karkace.

"Inna lillahi! Wane ne ya rasu?"

"Muhaimin, Hajiya."

"Allah ya ji ƙansa. Shekararsa nawa?"

"Uku cif."

"Wayyo, ɗan ƙarami! Me ya same shi?"

"Gara ce ta cinye shi."

Hajiya Yelwa ta saki baki, ta juya wajen Nazira. "Yaro ɗan shekara uku, kuna ina har gara ta cinye shi?"

Sai da Nazira ta ja ta gefe ta yi mata bayani da ƙarfi a kunne. Hajiya ta gyara mayafinta, ta ce ta bar mai a wuta saboda takarda, Allah ya isa tsakaninta da boko.

Kwana biyu Taufiƙ yana kwance ya juya wa duniya baya. Kuma gaskiya abin ya taɓa shi. Shekara uku ce ta asubanci da yatsu masu ciwo ta tafi cikin cikin ƙwari. Ya ce ya daina cin abinci, ko da yake Nazira ta lura kwanon da take ajiyewa a bakin ƙofa yana dawowa a wanke. A rana ta biyu ta zauna a bakin gado.

"Baban Amatullah, abu biyu ne. Ko ka haƙura ka bar shi, ko ka sayi sabon kaye ka fara a hankali. Kwanciya ba za ta dawo da shi ba."

"Ke kin san abin da aka rasa kuwa? Irin wannan littafi sau ɗaya yake sauka a ƙarni. Na bar rubutu har abada."

Da ya tsaya a nan, da an huta. Amma da yamma Roger ya zo dubiya da 'yar jakar albasa.

"Sannu, patron. Kasuwa duk ana jajanta maka. Sai dai akwai masu cewa wai dama babu littafin, wai ka ga lokacin fito da shi ya yi ne ka ɗora wa gara laifi."

Taufiƙ ya tashi zaune kamar an tsikare shi da tsinken tsire.

"Wa ya faɗa?"

"Mutane."

"To je ka gaya wa mutane, gara takarda ta ci, ba ta ci wannan ba!" Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Kaye tara duk suna nan, har da waƙafi. Kwana uku kawai zan zauna gaban Madam Henriette in zubo shi kamar famfo. Ranar Asabar kowa ya zo ƙofar gidana ya ji."

Washegari da safe ya sa babbar riga ya isa shagon Madam Henriette. Ya sa aka ba shi kujera mai hannu. Ya lumshe ido.

"Rubuta. Babi na ɗaya. Wata rana da safe."

Madam ta buga a kwamfuta. "Na rubuta."

"A'a, goge. Safe ta yi arha. Wata rana da hantsi."

"Da hantsi. Sai me?"

"Dakata. Da asuba ne, ina jin. Don akwai zakara."

"In sa zakaran?"

"Kar ki sa shi tukuna. Bari in tuna ko ya yi cara."

Har aka kira azahar suna tsakanin asuba da hantsi. Madam ta cire tabarau ta goge.

"Mesiye Taufiƙ, a nan rana ta raba tsaka. A littafinka ba ta gama yanke shawarar fitowa ba."

Taufiƙ ya ce ƙarar fanka ce ke kora masa tunani. Aka kashe fanka. Cikin minti goma babbar riga ta jiƙe, ya ce zafi ne ya toshe masa ƙwaƙwalwa. Rana ta biyu ya zo da sabuwar dabara. Ya ce ai duk littafin a gefen nama ya rubuta shi, don haka sai ya ji ƙamshin kilishi basira za ta buɗe. Ya shigo da tire guda, sabon gashi, mai yana naso, ya rasa inda zai ajiye sai kan tebur. Basira ba ta zo ba, ƙudaje suka zo. Can wani malamin lekol, Mesiye Robert, ya shigo karɓar takardar neman canjin wurin aiki da aka buga masa. Aka nema aka rasa. Da aka ɗaga tiren, ga ta a ƙasa, ta sha mai da jan yaji, har ana hango tebur ta cikinta.

"Wannan zan kai wa sufeto?" in ji Mesiye Robert.

"Ka kai," in ji Taufiƙ. "Da ya shinshina zai sa hannu."

Madam Henriette ta ɗauki tiren da kanta ta ajiye a bakin titi, ta dawo ta ɗauki kujera mai hannu ta ajiye kusa da shi. Ta miƙa masa abin da suka samu a kwana biyu: layi huɗu, ciki har da sunansa.

Kowa ya ɗauka zai janye taron Asabar. Shi kuwa sai ya shigo gida yana murmushi.

"Nazira, na gano! Shekara uku ina karanta wa mutanen garin nan littafina. Kowa ya ɗauki wani abu a kansa. Littafin bai ɓata ba, a warwatse yake. Zan tara su, kowa ya kawo abin da ya tuna, a haɗa. Duk wanda ya tuno babi, fallen kilishi nasa ne."

"Baban Amatullah, in ka sa nama a tsakani, har wanda bai taɓa ganinka ba sai ya tuna."

"Ke ba ki san adabi ba."

Ranar Asabar bayan la'asar ƙofar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an aro benci. Sarkin Fawa Mahmudu, shugaban mahautan kasuwa, mutum mai jiki da kwarjini, shi aka ba kujerar gaba. Madam Henriette ta huce ta zo da kaye da bik, wato biro, za ta rubuta. A tsakiya kuwa ga tire uku na kilishi an tula, kilishin sati guda.

Taufiƙ ya miƙe ya yi jawabi har sai da Sarkin Fawa ya yi gyaran murya sau uku. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kai babba ne, kai za ka buɗe. Na karanta maka kaye biyu a zaurenka. Me ka tuna?"

Sarkin Fawa ya sosa gemu. Gaskiyar magana, duk ranar da aka karanta masa, barci yake yi da ido a rabi.

"To, ni dai na tuna akwai shanu."

"Daidai!" in ji Taufiƙ. "Madam, rubuta. Akwai shanu." Ya zaɓi falle mai faɗi ya miƙa.

Da jama'a suka ga yadda abin yake da sauƙi, sai hannuwa suka tashi. Parfait ɗan moto, mai ɗaukar fasinja a babur, ya riga kowa.

"Patron, ni wurin da ya fi burge ni shi ne inda Muhaimin ya bi ɓarayin shanu a kan moto, ya tsallaka gadar Binuwai da taya ɗaya."

Taufiƙ kam, bai tuna da wani moto ba. Amma ido ɗari na kansa, kuma shi ne ya ce har waƙafi yana kansa.

"Babi na huɗu ke nan. Kai, yaron nan yana da kai!"

Hajiya Yelwa ta ce ita ta tuna sarai inda Muhaimin ya auri wata mai ƙosai, kyakkyawa, wadda duk garin babu kamarta, kuma ya saya mata sabon kasko.

"Babi na shida," in ji Taufiƙ, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

Abdelkerim, direban kamiyo daga Kuseri, ya karɓe. "Wallahi ni kuka na yi a babi na uku, inda kada ya haɗiye shi a kogin Logon. Mutuwa mai ban tausayi."

"Ƙwarai. Ni ma da nake rubutawa sai da na yi hawaye."

Madam Henriette ta ɗaga bik. "Pardon, Mesiye Taufiƙ. Ya mutu a babi na uku, ya hau moto a na huɗu, ya yi aure a na shida?"

"Madam, wannan shi ake kira fasaha. Kadan ya amayo shi."

"A wane babi?"

"Tsakanin uku da huɗu. Rubuta kawai."

Daga nan abin ya ɓalle. Aka yi layi har bakin kwalbati. Wani ya tuna Muhaimin ya yi dambe da dorina ya kayar da ita. Wani tela ya tuna dogon babi a kan muhimmancin ɗinka sabbin kaya. Wani baƙo da ya sauka daga motar Tuboro da safiyar ranar, wanda ko sunan mai gidan bai sani ba, ya tuna babi na takwas daga farko har ƙarshe, ya nemi falle biyu saboda tsawonsa. Parfait ya zagaya ya sake shiga layi da hular kwano a kansa, ya tuna wani moton. Taufiƙ yana ta raba lambobin babi yana raba nama, gumi na bin wuyansa. Kafin a jima Muhaimin ya mutu sau uku, ya auri mata biyar, ya je Makka a ƙafa ya dawo a jirgi. Tire biyu suka tashi.

Roger yana gefe, sai da layi ya ragu ya ɗaga hannu.

"Patron, ni ɗan ƙaramin wuri na tuna. Inda wani babban mutum ya shiga kasuwar shanu yana taƙama, bijimi ya tsinke igiya ya biyo shi. Ya jefar da sanda, ya jefar da takalmi, ya haye kan buhunan albasa. Wandonsa ya yage daga gaba har baya, sai da aka ara masa buhu ya ɗaura ya tafi gida."

Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Taufiƙ bai lura ba. Shi dai ya ji labari mai daɗi, ya ga bai kamata ya bar shi ya wuce ba.

"Babi na goma sha biyu! Ni na ƙago mutumin nan da kaina. Wani ƙaton matsoraci ne mai tumbi, sai kurari kamar zaki, zuciya kuwa ta kaza. Har na rubuta yadda yake ihu yana kiran innarsa."

Abin da Taufiƙ bai sani ba shi ne, ranar Laraba, yana can shagon Madam Henriette yana kokawa da asuba da hantsi, wannan abu ya faru a kasuwar shanu a gaban kowa. Kuma mutumin da ya haye buhunan albasar yana zaune a kujerar gaba.

Sarkin Fawa Mahmudu ya miƙe a hankali. Kujerar ta yi ƙara.

"Taufiƙ. Ni ne mai zuciyar kaza?"

"Ranka ya daɗe, kai kuma? Ina kai ina..."

"Ban kira innata ba! Salati na yi!"

Dariyar da aka danne ta fashe gaba ɗaya. Parfait ya faɗo daga benci. Taufiƙ ya dubi Roger, ya dubi Sarkin Fawa, ya gane ramin da ya faɗa.

"Ranka ya daɗe, ai... ai ka ga ƙarfin littafin ke nan. Ya hango abin tun kafin ya faru."

"To tunda ka hango, me ya hana ka gaya mini in sa wando mai ƙwari? Saurara. Ko dai ka zage ni a littafi, ko ka tara mu kana mana ƙarya. Zaɓi ɗaya. In zagi ne, daga gobe ka nemi inda za ka riƙa samun nama, ba a mahautata ba."

Nan fa wasa ya ƙare. Mai kilishin da ba shi da nama ya tashi daga aiki. A karo na farko tun da aka san Taufiƙ, magana ta ƙi fito masa.

Sai aka ji murya daga cikin zaure, bayan labule.

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini."

Nazira ce. Sarkin Fawa ya ce ta faɗi.

"Wallahi ba ka cikin littafin nan. Ni shaida ce. Shekara uku ina tankaɗe, ina wanke-wanke, ana karanta mini, kuma ni ba na barci. Babu bijimi, babu albasa. Babu moto, babu kada, babu mai ƙosai."

"To me ke ciki?" in ji Madam Henriette.

Nazira ta auna abin da zai fi sauƙi: mijinta ya rasa nama ko ya rasa baki.

"A kaye na farko Muhaimin ya tashi daga barci ya yi wa matarsa jawabi a kan jarumtarsa. A na biyu da na uku maƙwabta suka zo sallama, ya yi musu jawabi. Na huɗu da na biyar yana bayyana wa ƙaninsa irin haɗarin da ke hanyar Kuseri. Na shida duka neman sandarsa ake yi. A na tara ya kai ƙofar gida, ya sa ƙafa ɗaya waje, sai ya tuna akwai abin da bai gaya wa maƙwabta ba, ya koma ciki."

"Bai fita ba?" in ji Abdelkerim.

"Bai fita ba."

"Kaye tara?"

"Tara."

Sarkin Fawa ya koma ya zauna. "Har shanun da na tuna, babu su?"

"Ana dai yawan ambatonsu, ranka ya daɗe."

Roger ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Jama'a, mu tausaya wa garar nan. Ta ci kaye tara tana jiran labari ya fara."

Wannan karon har Sarkin Fawa sai da ya riƙe ciki. Ya share hawaye, ya ce ya yafe, gobe a zo a ɗauki nama. A kan hanyarsa ta fita ya tsaya gaban tire na uku ya ce shi ma ya tuno wani babi, ya kwashe abin da ya rage. Jama'a suka watse suna suɗe yatsu. Madam Henriette ta miƙa wa Taufiƙ kayen da ta cika da mutuwa uku da aure biyar, ta ce ya ajiye a wuri mai kyau.

Washegari Taufiƙ bai yi wa kowa magana ba. Ya ɗauko nama tun da sassafe, ya zauna a tsakar gida yana fere shi falle-falle, yana shanyawa. Nazira tana ta kai da kawo, tana satar kallonsa. Can ta kawo masa kunu ta tsuguna.

"Baban Amatullah, ka yi haƙuri. Na ga za a raba ka da sana'arka ne."

"Kin yi daidai," ya ce, bai ɗago ba. "Na bar rubutu. Wannan karon da gaske. Wuƙa na iya, a nan zan tsaya."

Ta daɗe tana kallon hannunsa, yadda wuƙar ke bin tsoka tana buɗe ta kamar ana warware zane.

"Akwai wuri ɗaya da nake jin takaicin garar nan," ta ce. "A kaye na bakwai. Inda Muhaimin ya tuna ranar da babansa ya fara ba shi wuƙa, ya yanke yatsa, ya ɓoye hannun a aljihu don kar a ce bai iya ba. Baban ya gani, bai ce komai ba, ya yage bakin rawaninsa ya ajiye masa a kan tebur ya fita. Ranar da ka karanta mini, sai da na bar tuwo ya kama."

Wuƙar ta tsaya.

"Wannan? Ai cike gurbi ne. Shafi huɗu kawai. Jawabi ne ya ƙare mini ranar, sai na rubuta abin da ya faru da ni da Baba."

"To shi ne littafin. Sauran duk kai ne a kasuwa."

Taufiƙ ya dubi tsohon tabon da ke ɗan yatsansa na hagu. Ya gama shanya naman, ya wanke hannu, ya fita. Bai jima ba ya dawo da kaye ɗaya, siriri, da bik. Ya zauna a gindin katanga ya yi ta rubutu yana gogewa har inuwa ta matsa ta bar shi a rana, ya ja tabarma ya bi ta.

Bayan azahar ya zo inda Nazira ke tsince shinkafa, ya tsaya yana juya kayen a hannu.

"Shafi biyu ne. Za ki ji?"

"Zan ji. Amma da sharaɗi. Duk inda ya miƙe zai yi jawabi, zan tashi."

Ya karanta. A layin farko Muhaimin yana kan hanya, shanu goma sha biyu a gabansa, ƙyallen rawanin babansa ɗaure a sanda. A shafi na biyu hadari ya haɗo, ga rafi ya cika ya kawo, ga wata saniya mai ciki ta ƙi shiga ruwa, ta durƙusa a bakin gaɓa. Nan rubutun ya tsaya.

Nazira ta bar tsintar shinkafa, hannunta a cikin faranti.

"Sai me ya faru?"

Taufiƙ ya dube ta. Shekara uku yana karanta wa rabin Garwa littafi, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

"Ban sani ba tukuna," ya ce.

"To je ka sani. Kar ka bar mini saniya a bakin ruwa."

Ranar Litinin ya koma kasuwa. Kafin ya gama jera kilishi, ya riga ya gaya wa rumfa uku cewa sabon littafinsa ya hana matarsa girki, tana bin sa tana roƙon ya ci gaba, kuma wannan karon ba Kano kaɗai ba, har Makka sai an ji. Roger yana jin sa yana ware ruɓaɓɓiyar albasa.

"Shafi nawa yanzu, patron?"

"Uku."

"Saniyar ta haye?"

Taufiƙ ya juyo da sauri. "Wa ya gaya maka zancen saniya?"

"Madam ɗinka ta gaya wa tawa. Tun jiya aka hana ni sakat a gida." Roger ya jefar da albasar hannunsa, ya jawo buhu ya zauna a kai. "Karanta mana, patron. Amma a zaune."